Bututun Esi na Shida

Ƙarar ta tashi ne tsakanin Azahar da La'asar, wata ranar Alhamis a tsakiyar bazara, lokacin da ko 'yan adaidaita sahu sun nemi inuwa sun lafe. Masu shaguna na bakin titi suka ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Sai da hayaƙi ya turnuƙe bayan masallacin Layin Durumi da ke Gyaɗi-Gyaɗi sannan aka gane ɗaya daga cikin sababbin esi shida na sanyaya ɗaki da aka kafa wa masallacin ne ya yi bindiga. Injinsa na waje, wanda ke maƙale a bango saman wurin alwala, ya tsage ya kama da wuta. A ƙarƙashinsa kuwa Baba Ashiru ladan ne yake alwala. Shi ya kunna su da hannunsa da ya ga an kawo wuta, don masallaci ya yi sanyi kafin jama'a su taru.

Aka kwashe tsohon a adaidaita sahu zuwa asibiti, tafasasshen man inji ya sale masa rabin fuska da kafaɗa. Kafin a dawo daga kai shi, wani ya ja bututun da ke reto a jikin bango, sai ya karye a hannunsa kamar karan dawa. Bayansa ja ne, cikinsa fari fat.

"Wannan ai ba jan ƙarfe ba ne," in ji shi. "Alminiyam ne aka shafa wa launi."

Kowa ya san wanda ya kafa esin: Maje, wani baƙo mutumin Gaya, da bai cika shekara biyu da buɗe shagon gyaran firji da esi a layin ba. Lokacin da Malam Ɗahiru, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya iso shagon da mutanensa uku, an riga an yaga wa Maje riga, an fasa masa leɓe, wani kuma yana neman fetur. Ɗahiru bai ɗaga murya ba. Ya ratsa taron, ya tsaya a gaban Maje, ya dogara sandarsa a ƙasa.

"Duk wanda ya ga lokacin da ya yi, ya matso ya gaya mini," ya ce.

Babu wanda ya matso. Da haka ya samu ya fitar da shi, ya miƙa shi caji ofis, inda ya san aƙalla zai kwana da ransa.

*

Ɗahiru ya yi shekara ashirin yana bin sawun shanun sata a dazukan kudancin Kano kafin gwiwa ta gaza masa ya dawo birni. Yana iya duban ƙasa ya ce saniyar da ta wuce tana da ciki, mai kora ta kuma gurgu ne. A Gyaɗi-Gyaɗi, inda ko'ina siminti ne da kwalta, mutane na ganin wannan ilimin ya tashi a banza, amma in an rasa abu shi ake fara nema. Washegari bayan Juma'a Mai unguwa ya kira shi gefe.

"Litinin za su kai shi kotu," ya ce. "Jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, Malam. Duba mini."

A caji ofis aka fito da Maje bayan kanta, leɓensa a kumbure. Ɗahiru ya ce masa shi bai san komai game da esi ba, ban da cewa yana fitar da sanyi, don haka ya yi masa bayani kamar yadda zai yi wa ɗan ƙauye.

"Baba, abu biyu ne," in ji Maje. "Na cikin ɗaki da na waje. Bututu biyu ke haɗa su, siriri da mai kauri, a ciki gas ke zagayawa. Duk aikin yana wurin haɗa bakin bututun nan. Ka yanke shi daidai, ka goge bakin, ka zura noti, sannan ka buɗe bakin ya yi kamar na algaita. Shi wannan buɗaɗɗen bakin shi ke zama a kan na injin ya toshe, ƙarfe a kan ƙarfe. Ka fara ɗaure notin da hannu, ka ƙarasa da sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. In ka gama sai ka sa inji ya zuƙe duk iskar da ke cikin bututun kafin ka saki gas."

"In ba a zuƙe ba fa?"

"Iska da laima su gauraya da mai. Inji ya yi ta zafi. In kuma akwai yoyo, ya ƙara jan wata iskar. Wata rana ya ƙone, wata rana ya yi abin da ya yi jiya." Ya sunkuyar da kai. "Yaya jikin Baba Ashiru? Shi ke ajiye mini ruwan sanyi duk kwana ukun da na yi ina aikin."

"Yana raye. Wa ya sayo bututun?"

"Alhaji Mu'azu, shugaban kwamitin masallaci. A naɗe ya kawo mini, jan ƙarfe ne tsantsa, na yanka da hannuna. Wallahi Baba, abin da na sa ke nan a duka shidan."

Ɗahiru ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin ɓarayi suna rantsuwa, kuma ya san rantsuwa ba shaida ba ce. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mutumin bai tambayi yaushe za a sake shi ba.

*

Alhaji Mu'azu tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai son a san shi ya tsaya a kan aikin masallaci. Da ya fahimci inda tambayoyin suka dosa sai fuskarsa ta canza.

"Wato ni ake zargi na sayo na jabu?"

"Ban ce ba, Alhaji. Mutane dai suna cewa ko dai mai sayowa ko mai kafawa."

"To mu je a duba sauran, a gaban kowa."

Aka kawo tsani. Ɗaya daga cikin 'yan sintiri ya hau, ya tsaga baƙin soson da aka lulluɓe bututun da shi, ya kankare da wuƙa. Na farko ja ne har ciki. Na biyu haka, har na biyar. Alhaji Mu'azu ya juya yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗa babbar rigarsa ya tafi. Masu kallo suka ce wannan ya ƙara tabbatar da laifin Maje, ya saci guda ɗaya ne don kada a gane. Ɗahiru ya tsaya yana duban bangon. A ransa yana cewa, mutumin da aka damƙa wa naɗin bututu sukutum, shi kaɗai a bayan masallaci kwana uku, in sata ce a gabansa me zai sa ya tsaya a guda?

Da safiyar Asabar ya zaga wurin 'yan jari-bola, daga bayan Zoo Road har Tarauni. Sun san shi, kuma sun san ba ya kawo musu 'yan sanda sai dole, don haka suka buɗe masa buhuna. Akwai wayar wuta, akwai tsofaffin tukwane, akwai cikin firji. Sabon bututun esi kam babu wanda ya kawo musu tun kafin azumi. Ya dawo da ƙishirwa da ciwon gwiwa da tunani guda: wanda ya ɗauki bututun nan bai sayar ba.

Saura mutum ɗaya da ake ta raɗa sunansa. Anas ya fi shekara goma yana gyaran esi a unguwar, ya nemi aikin masallacin aka hana shi, kuma an ji shi a majalisa yana cewa za a ga ƙarshen aikin baƙo. Ɗahiru ya same shi a ƙofar shagonsa yana wanke cikin wani inji.

"Na faɗa, ban musa ba," in ji Anas. "Raina ya ɓaci. A nan aka haife ni, a masallacin nan aka ɗaura mini aure, sannan a ɗauko wani daga Gaya? Amma Malam, da ni na so ɓata masa aiki, ba sai na canza bututu ba. Kwata ɗin juyi zan sassauta noti ɗaya, gas ya tsiyaye a hankali, a ce bai iya ba. Har abada ba wanda zai gane."

"Ka kuwa yi tunanin abin sosai."

Anas ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na yi. Ban aikata ba."

"To zo ka duba mini wani abu."

*

Ƙonannen injin yana ajiye a ɗakin tabarmi na masallaci, inda Mai unguwa ya sa aka kulle shi. Ɗahiru ya durƙusa a gabansa da ƙyar, kamar yadda yake durƙusa a bakin rafi in shanu sun tsallaka. Bai taɓa komai ba da farko. Ya dubi notin nan biyu na tagulla da suka rage a jikin injin da guntun farin bututu a bakinsu. Sannan ya fita ya sa aka riƙe masa tsani, ya hau da kansa, ya dubi notin esi na biyar da na huɗu. Nasu sumul suke, kusurwoyinsu shida a tsaye. Ya sauko ya koma ɗakin. Waɗannan kuwa duk jikinsu a tattaune yake, kamar kare ya gwagwiyi ƙashi.

"Kwance mini wannan," ya ce wa Anas.

Da notin ya fita, sai ga wani abu fari, siriri, mai santsi, an naɗe shi a kan zaren ƙarfen. Wuta ta taɓa gefensa amma bai ƙone ba. Ɗahiru ya zare shi da farce ya ɗora a tafin hannunsa.

"Mene ne wannan?"

Anas ya leƙa, ya ja tsaki. "Farin tef ne na masu gyaran famfo. Suna naɗa shi don kada ruwa ya yi yoyo ta zare. Mu ba ma sa shi. A esi ba zare ke toshewa ba, bakin bututu ne. In ka sa wannan ma hana notin zama yake yi. Kuma dubi nan, sifana mai haƙori aka sa, irin ta kama bututun ruwa." Ya juya injin, ya duba wurin da ake kulle gas. "Amma ya san yadda ake mayar da gas cikin inji kafin a kwance. Wannan a waya ya gani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Sannan ya ƙara da abin da ya yi masa nauyin faɗa. "Ba na son Maje, Malam. Amma wannan ba hannunsa ba ne."

Ɗahiru ya ninke farin tef ɗin a cikin takarda ya sa a aljihu. Tun kafin ya miƙe zuciyarsa ta kawo masa wani suna, domin mai gyaran famfo ɗaya ne ke yi wa masallacin aiki, kuma kyauta yake yi. Bai yarda da zuciyarsa ba tukuna. Ya hau adaidaita sahu zuwa asibiti.

An naɗe wa Baba Ashiru rabin kai da bandeji. Likita ya riga ya gaya wa iyalinsa idon hagu ya tafi. Duk da haka da ya ji muryar Ɗahiru sai ya miƙo hannu, ya tambayi wanda ke kiran salla a madadinsa.

"Baba, tun da aka kafa esin nan, wa ya ƙara hawa bangon wurin alwala?"

Tsohon ya yi tunani. "Babu kowa. Sai dai surukinka Sadiq, da ya zo gyaran tankin ruwa, sati uku ke nan. Tun hantsi yake sama har La'asar. Ya ce in kunna masa esin wajen nan in kashe, wai yana duba ko girgizarsa ce ke sassauta bututun tanki. Yaron kirki, ko ruwa bai yarda ya sha ba." Ya juyo da lafiyayyen idonsa. "Me ya faru?"

"Babu komai, Baba. Allah Ya ƙara sauƙi."

*

Bilkisu ce autar Ɗahiru, kuma ita kaɗai ce mace. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ya aurar da ita ga Sadiq, da zaɓinta da yardarsa, suna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Ƙauyen Alu. Cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce jininta yana hawa. Mahaifiyarta ta taɓa gaya wa Ɗahiru cewa Sadiq ya samo esi na gwanjo ya kafa mata saboda zafi ya hana ta barci, shi kuma ya ce Allah Ya yi masa albarka.

Ya yi sallama a ƙofar gida bayan Azahar, lokacin da ya san maigidan na wurin aiki. Bilkisu ta yi mamakin ganinsa, don ba ya zuwa sai da dalili. Ta shimfiɗa masa darduma a falo, ta kawo ruwa. An kawo wuta, ɗakin ya yi sanyi har cikin ƙashi. Ya tambayi jikinta, ta ce da sauƙi sosai, yanzu tana samun barci.

"Yaushe aka sa muku wannan?"

Ta dube shi. Ta san mahaifinta, ta san muryar da yake tambaya da ita in hira yake, da wadda yake tambaya da ita in aiki yake. Labarin masallaci kuma ya iso Ƙauyen Alu tun ranar Alhamis. Ta ɗan jima tana murza bakin mayafinta.

"Ya fi wata da sayo shi," ta ce a hankali. "Ya kafa, bai yi sanyi ba, wai bututun da aka haɗo shi da su ba su da kyau. Sai wata Asabar, sati uku da suka wuce, ya dawo da yamma da wasu a buhu. Washegari ya kira wani mai gas suka ƙarasa."

Ɗahiru ya ce zai zaga bayan gida. A jikin bangon baya ya ga injin, ya ga bututun sun fito daga rami sun gangaro. A tsakiyar hanya sai suka yi wani lanƙwaso mai faɗi, suka kewaye filin bango inda babu taga, babu komai, sannan suka dawo suka shiga injin. Ya san wannan lanƙwason. Ya gan shi ɗazu a kan tsani, a jikin sauran esin, inda Maje ya kewaye da bututu saman tagogin masallaci masu kan baka. A bakin notin ƙasa kuma ɗan farin tef ya leƙo.

Ya dafa bangon ya tsaya. A daji in ya kai ƙarshen sawu yakan ji daɗi, ko da kuwa ɓarayin na da bindiga. Yau kam babu wannan daɗin. Hanya a buɗe take: ya jefar da takardar aljihunsa a kwata, ya ce wa Mai unguwa bai gano komai ba. Anas ba zai matsa ba. Maje baƙo ne, wata shida ko shekara zai yi ya fito ya koma Gaya. Babu wanda zai taɓa sani, ban da shi da yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa tana kallon bayansa.

"In ya dawo," ya ce ba tare da ya juyo ba, "ki ce ina son ganinsa gobe bayan La'asar a zauren Mai unguwa. Ki ce in yana da maganar da zai gaya mini kafin nan, ina gida."

Ya zauna a ƙofar gidansa har aka kira Magariba, washegari ma tun safe har Azahar. Sadiq bai zo ba.

*

Zauren ya cika. Mai unguwa na zaune a kan kujera, liman a damansa. Alhaji Mu'azu ya zo da fushinsa, Anas ya jingina da bango. Wani kofur ya kawo Maje bisa roƙon Mai unguwa, ya zaunar da shi a gefe. Sadiq ne ya shigo ƙarshe. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gai da surukinsa kansa a ƙasa kamar yadda ya saba, ya nemi lungu ya zauna.

Ɗahiru ya shimfiɗa hankici a tsakiyar tabarma, ya ajiye notin da aka tauna da farin tef ɗin.

"Alhaji Mu'azu jan ƙarfe ya sayo," ya ce. "Biyar sun shaida, kowa ya gani. 'Yan jari-bola ba su ga bututun ba. Anas ya yi magana marar daɗi, amma a baki ta tsaya. Maje, ka taɓa sa wannan farin abu a aikinka?"

Maje ya matso ya duba. "Ban taɓa ba, Baba. Ko a jakata babu shi."

"Anas?"

"Duk mai aikin esi da ya sa wannan, ya ajiye sifana ya koma famfo."

Wani daga baya ya ce, "To ai masu gyaran famfo sun fi ɗari a Kano."

"Haka ne," in ji Ɗahiru. "Amma ɗaya ne ya wuni a kan bangon nan da tsani, da rana tsaka, kowa na wucewa yana yi masa sannu da aiki." Ya tsaya. Al'ada ba ta ba shi damar kama sunan mijin 'yarsa a bainar jama'a ya tuhume shi ba, harshensa ma ya ƙi. Ya jira, ko Allah Zai sa yaron ya ɗauke masa wannan nauyin. Zauren ya yi tsit, ana jin kukan injin niƙa daga layin baya. Babu wanda ya motsa.

"Bututun masallaci yana gidan 'yata," ya ce. "A bangon baya. Har yanzu da lanƙwason tagar masallaci a jikinsa. A tura mutum biyu su je da Maje ya gane kayansa."

Liman ya yi salati a hankali. Idanu suka juya lungun da Sadiq yake. Ya daɗe bai ɗago ba, da ya yi magana kuwa tabarma yake kallo.

"Ba sai an tura kowa ba. Ni ne. Ba ta barci, Baba. Sai ta zauna a bakin gado tana haki har gari ya waye. Na kafa mata, ya ƙi. Wanda na tambaya ya ce bututun ne na banza. Ranar da na hau gyaran tanki sai na ga tsawonsu ɗaya da nawa. Na ce masallaci na da shida, ko ɗaya ya rage sanyi ba za a ji ba, in ta haihu in mayar. Na sa nawa a madadinsu, na ɗaure da kyau, har tef na sa don kada ya yi yoyo. Wallahi ban san zai fashe ba."

"Na yarda ba ka sani ba," in ji Ɗahiru. "Amma ranar Alhamis ka sani. Kana cikin taron da ya je shagon mutumin nan, na gan ka a bakin kwata. Ana neman fetur kana tsaye."

Sadiq ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Kofur ya miƙe ya tsaya a kansa. Alhaji Mu'azu ya buɗe baki zai yi magana, Mai unguwa ya ɗaga masa hannu. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa na kauce wa idon Maje. Anas ne kawai ya tsaya a gabansa, ya ce in an sake shi ya zo ya ari injin zuƙe iska, don ya ji an fasa masa nasa.

*

Ranar Litinin aka saki Maje, aka shigar da Sadiq. Daga gadon asibiti Baba Ashiru ya aiko cewa shi ya yafe idonsa, amma 'yan sanda suka ce maganar ta wuce hannunsa. Mahaifiyar Bilkisu ta ajiye wa Ɗahiru abinci ta koma ɗaki, shi kuma bai buɗe kwanon ba.

Da yamma ya ɗauki adaidaita sahu ya tafi Ƙauyen Alu ya ɗauko 'yarsa. Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma, gumi ya jiƙa mata wuya, jakarta a ɗaure a gefe. Akwai wuta, amma ta kulle falon. Ta gaishe shi, ya amsa, ya sunkuya zai ɗauki jakar.

"Baba."

"Na'am."

"Da ni ce na yi, haka za ka tsaya a zauren Mai unguwa ka faɗa?"

Ya miƙe a hankali da jakar a hannu. Ya so ya ce mata a'a. Ya dubi kumburarrun ƙafafunta, ya dubi idanunta da suka yi ja, ya ga ba lallashi take nema ba.

"Haka zan yi," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Na sani," ta ce. "Tun da ka tambaye ni ranar da aka sa esin na san inda maganar za ta. Na kuma gaya maka."

Ta miƙo masa hannu. Ya ajiye jakar, ya kama ta da hannu biyu ya tashe ta tsaye, suka nufi ƙofa a hankali, tana dogara da kafaɗarsa.